'Kwamfuta ta ce a canza': Yadda ƙura da lambar P0101 ke cinye kuɗin masu motoci a Sarkin Yamma

A ranakun Litinin da Juma'a da babbar kasuwar Maraɗi ke ci, tun da asuba motocin haya ke barin ƙauyukan ƙaramar hukumar Sarkin Yamma maƙare da fasinja da buhunan gero da wake. Kafin tayoyinsu su taɓa kwalta, sun riga sun sha ƙurar burji da yashi har sun ƙoshi.

A cikinsu ba a rasa wadda ta fara sauya hali. Direba zai taka totur ta yi jim kafin ta amsa, ta riƙa kakkarwa idan an tsaya ɗaukar fasinja, wani lokacin ma ta mutu a tsakiyar yashi sai an sauka an tura. Man da a da yake kai ta Maraɗi ya dawo da ita gida, yanzu a hanya yake ƙarewa. Ana cikin haka sai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a gaban direba, ta ƙi mutuwa.

Daga nan sai gareji. Mai na'urar bincike zai jona wayarsa a ƙarƙashin sitiyari, cikin minti ɗaya lamba ta fito: P0101. Abin da yawanci ke biyo baya magana ce guda da masu motoci daga Maraɗi har Kano suka saba ji, wato kwamfuta ta ce a canza na'urar awon iska.

Sai dai kwamfutar ba ta faɗi haka ba. Abin da ta faɗa shi ne, lissafin iskar da ke shiga injin bai yi daidai da abin da take tsammani ba. Ko na'urar ce ta lalace, ko ƙura ce ta rufe ta, ko bututu ne ya tsage, ko waya ce ta kwance, wannan kuma aikin bakanike ne ya gano. Idan aka tsallake wannan bincike, mai mota kan sayi sabuwar na'ura, bayan kwana biyu fitilar ta dawo, matsalar na nan inda take.

Na'urar da ke auna numfashin mota

Kanikawa a ɓangaren Najeriya suna ce mata eyafulo mita, takwarorinsu na Nijar da suka koyi aiki da kalmomin Faransanci kuma suna cewa debimeta. A takardun mota da allon na'urar bincike, MAF ake rubutawa. 'Yar ƙaramar aba ce ta baƙar roba, galibi ɗaure da sukurori biyu a jikin bututun da ya taso daga akwatin filtar iska ya nufi inji.

Injin fetur ba mai kaɗai yake ƙonawa ba. Kafin man ya ƙone yadda ya kamata, kowane giram ɗaya na fetur yana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska. A zamanin kabureta, ƙarfin zuƙar iska ne ke jawo man, bakanike kuma ya daidaita da sukundireba da kunnensa. A motocin yanzu, ƙwaƙwalwar mota, wadda wasu ke kira birenbos, ita ke yanke yawan man da nozul zai fesa, kuma ba ta iya yin haka sai ta san nauyin iskar da ta shigo.

A cikin na'urar akwai wata siririyar waya, ko wani ɗan falle, da lantarki ke dumamawa. Iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, kamar yadda mutum ke hura shayi mai zafi. Idan iskar ta ƙaru, sai an ƙara lantarki kafin wayar ta riƙe zafinta. Da wannan ƙarin lantarkin ake gane giram nawa na iska ke shiga a kowace daƙiƙa.

A nan ne ƙura ke shigowa cikin lamarin. Idan ta lulluɓe wayar, sai ta zame mata bargo: iska na wucewa amma wayar ba ta jin sanyinta sosai. Na'urar za ta aika rahoton iska kaɗan alhali mai yawa ce ta shiga, ƙwaƙwalwa ta fesa mai kaɗan, inji ya rasa ƙarfi daidai lokacin da direba ke son hawa tudu ko fita daga yashi. Shi kuma sai ya ƙara danna totur. Idan abin ya kai ƙwaƙwalwar ta daina yarda da na'urar gaba ɗaya, sai ta koma yin lissafi da kintace, wanda yawanci ke karkata ga yawan mai. Daga nan ne shan mai da baƙin hayaƙi a salansa ke farawa.

Abin da lambobin ke nufi

Tun daga motocin shekarar 1996, doka ta wajabta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka ta zo da tsarin binciken kai da ake kira OBD-II. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, sannan a 2004 ga masu shan gas. Wannan ne ya sa kusan duk motar da aka yi amfani da ita a can aka kawo Afirka ta Yamma take da soket mai ƙofofi 16 a kusa da gwiwar direba, kuma lambobin da suka fara da P0 ma'anarsu ɗaya ce, ko Toyota ce ko Nissan ko Volkswagen.

Lambobi biyar ne suka shafi na'urar awon iska kai tsaye:

P0100 na nufin akwai matsala a layin lantarkin na'urar.

P0101 na nufin saƙo na zuwa, amma bai dace da gudun inji da yadda aka taka totur ba.

P0102 na nufin saƙon ya yi ƙasa fiye da kima, abin da yawanci ke faruwa idan waya ta tsinke ko soket ya fita.

P0103 na nufin saƙon ya yi sama fiye da kima.

P0104 na nufin saƙon na ɗaukewa yana dawowa.

Sau da yawa ba su kaɗai suke zuwa ba. P0171 na cewa iska ta fi mai yawa, P0172 kuma mai ya fi iska yawa. A motocin Toyota da dama soket ɗin na'urar wayoyi biyar gare shi, uku na awon iska, biyu na awon zafinta. Saboda haka idan aka ga P0102 tare da P0113, abu na farko da za a zarga shi ne soket. Wani lokacin yaron gareji ne ya cire shi garin kaɗe filta ya manta bai mayar ba.

Haka kuma ba kowace mota ce ke da wannan na'ura ba. Tsofaffin motocin Honda da dama, da wasu tsofaffin Corolla, da yawancin Peugeot masu shan fetur, da wata na'ura daban suke aiki mai auna matsin iska, wadda ake kira MAP. Duk wanda aka ce ya sayi eyafulo mita, ya fara tabbatar da cewa motarsa na da gurbinta.

Me ya sa matsalar ta yawaita a yankin?

Sarkin Yamma na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na gundumar Madarunfa a jihar Maraɗi, tare da Safo da Jiratawa da Gabi da Ɗan Isa da ita kanta Madarunfa. Yanki ne na noma, kuma galibin hanyoyin da ke haɗa ƙauyukansa na burji ne da yashi. Motar da ke bin bayan wata a irin wannan hanya, ƙurar ta gaba take shaƙa tun daga tashi har sauka.

Daga watan Nuwamba zuwa Maris kuma hunturu kan ƙara nasa. Hazon da ke rufe sararin Maraɗi da Katsina da Kano, mafi yawansa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi iska ke kwaso shi, kuma laushinsa kamar na gari ne. Filtar da aka tsara za ta yi dogon zango a titunan Turai, a nan cikin 'yan makonni take cika.

Abin da aka saba yi idan ta cika shi ne a kai wa mai faci ya hure ta da iskar kwamfaresa. Ido zai ga ta yi fes, amma ƙarfin iskar na iya huda takardar ko buɗe ƙofofinta, ƙura ta samu hanya. Wasu akwatunan filtar kuma maƙallansu sun karye an ɗaure da igiyar roba, murfin bai zauna ba. Akwai ma masu cire filtar gaba ɗaya, wai don mota ta samu numfashi. Duk ƙurar da ta tsallake, a kan wayar awon iska take fara sauka, sauran ta wuce cikin inji ta riƙa cin ringi.

Zafin bazara, da kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, shi kuma roba yake busarwa. Bututun da ke tsakanin na'urar da inji kan tsage a cikin lanƙwasarsa, galibi ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa, musamman a motar da ke shan gargada kullum. Iskar da ta shiga ta wannan tsaga ba ta bi ta kan na'urar ba, don haka ba a lissafa da ita ba. Na'urar lafiyarta lau, amma lambar da za ta fito sunanta za ta kira.

Sai kuma tsufan inji. Idan ringi ya cinye, tururin baƙin mai kan dawo cikin bututun iska ya shafi wayar, ƙura ta samu abin mannewa.

Abu ɗaya da ake yawan ɗora wa laifi ba tare da haƙƙinsa ba shi ne man kwalba na bakin hanya. Gurɓataccen mai na iya toshe nozul ko kashe famfon mai, kuma hakan na iya jawo P0171 da jinkirin amsa totur. Amma fetur ba ya bi ta kan na'urar awon iska ko kaɗan, saboda haka ba shi ke ɓata ta ba.

Asarar ta wuce kuɗin gyara

Shekaru da dama direbobin yankin sun dogara da man Najeriya mai rahusa da 'yan ruwa-ruwa ke tsallakowa da shi. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan rangwame ya kau, jama'a suka koma gidajen mai. A watan Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta rage farashin litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, amma a watan Maris na 2025 sai da aka yi fama da dogayen layuka saboda ƙarancinsa a faɗin ƙasar, duk da matatar SORAZ da ke Damagaram.

A ɗauka mota na yin kilomita 100 a rana, tana shan lita 8, sai matsalar ta mayar da ita lita 10. A farashin sefa 499, ƙarin lita biyun nan kusan jaka ɗaya ne kullum. A wata guda na aiki, abin ya haura jaka 25, kuɗin da da zai shiga cefane ko balas ɗin mai mota.

Kayan gyara ma ba su da sauƙin samu kamar da. A da, tashar jiragen ruwa ta Kwatano ce babbar hanyar shigowar motoci da kayayyakinsu Nijar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyakoki, kuma ko da ECOWAS ta ɗage takunkumi a watan Fabrairun 2024, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris, hukumomin Nijar sun bar iyakarsu da Benin a rufe. Kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da tsada.

Akwai kuma batun da ya fi kuɗi. Gundumar Madarunfa na cikin yankunan da suka sha fama da 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane a kan iyaka da Najeriya. Motar da ke mutuwa ba zato, idan ta mutu da fasinja a daji bayan faɗuwar rana, ko da mai naƙuda a hanyar asibiti, maganar ta wuce ta gareji.

Matakan bincike kafin a sayi komai

Na farko, a rubuta duk lambobin da suka fito kafin a goge ko ɗaya. A lokacin da fitila ta kama, ƙwaƙwalwar mota kan ajiye bayanin yadda inji yake a daidai wannan lokaci: gudunsa, zafinsa, da saurin motar. Wannan bayani ne ke nuna ko matsalar a silo take faruwa ko a kan gudu. Cire kan batir don fitila ta mutu yana share duk wannan shaida, kuma fitilar za ta dawo.

Na biyu, a duba da ido da hannu, inji a kashe. A buɗe akwatin filta a ga ko ta huje, ko ba girmanta ba ne, ko akwai ƙura a ɓangaren da ya kamata ya zama tsaf. Idan aka shafa yatsa a cikin bututun bayan filta aka ga jar ƙasa, an samu bakin zaren. A cire bututun gaba ɗaya a lanƙwasa shi a hasken rana, domin tsagar ba ta bayyana sai an buɗa ta. A duba ƙananan bututan da ke manne da shi, da zoben da ke ɗaure shi.

Na uku, soket da wayoyi. A duba ko ƙofofin sun yi tsatsa ko sun buɗe, ko ɓera ya ci waya, abin da ba baƙo ba ne ga motar da ke kwana kusa da rumbu. Mai wayarin zai auna da mita ya tabbatar wuta na zuwa, a yawancin tsofaffin motoci bolt 12 idan an murɗa makulli, kuma wayar ƙasa na da kyau. Idan inji na aiki aka girgiza wayoyin ya canza murya, matsalar a nan take.

Na huɗu shi ne wanda aka fi tsallakewa, wato karanta awon a lokacin da inji ke aiki. Ko ƙaramar na'urar bincike na iya nuna shi. Idan an murɗa makulli ba a tayar ba, awon ya kamata ya tsaya kusa da sifili. Idan inji ya yi zafi yana silo, an kashe AC da fitilu, injin lita 1.8 irin na Corolla kan nuna kimanin giram 2 zuwa 3 a daƙiƙa, babban inji kuma ya fi haka. Idan aka taka totur a hankali, lambar ta riƙa hawa a hankali, ba tsalle ba tsayawa. A kan kwalta, idan aka danne totur har ƙasa inji ya kai ƙarshen ƙarfinsa, lafiyayyen injin lita 1.8 kan kai kusan giram 100. Wanda ya tsaya can ƙasa da haka, ko dai na'urar ba ta gani sosai, ko wani abu ya shaƙe injin.

Na biyar, a duba gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa mai. A allon na'ura ana rubuta su STFT da LTFT, kuma da kashi cikin ɗari ake nuna su. Idan suna tsakanin 10 sama da 10 ƙasa da sifili, ba laifi. Idan lambar ta yi sama sosai a silo, amma ta sauko da aka ɗaga inji zuwa 2,500, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, a koma neman tsaga. Idan kuwa a silo tana daidai, sai an ɗauki gudu ko an hau tudu take tashi, to ko na'urar ce ta yi datti, ko famfon mai ya gaji. Auna matsin mai ne zai raba gardama tsakanin biyun.

Akwai gwajin da kanikawa suka fi so saboda sauƙinsa: a kashe mota, a cire soket ɗin na'urar, a sake tayarwa. Idan mota ta daidaita, akan ce an kama ɓarawo. Gwajin na da amfani amma ba hujja ba ce cikakkiya, domin motar da bututunta ya tsage ma za ta daidaita, tunda ƙwaƙwalwa ta daina aiki da awon baki ɗaya.

Idan duk waɗannan ba su nuna komai ba, a duba maƙogwaron totur ko ya yi datti, da salansa ko ta toshe, domin injin da ba ya iya fitar da hayaƙi ba zai iya zuƙar iska ba. A motocin gas irin su Hilux da Hiace, bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji, wato EGR, idan ya maƙale yakan jawo P0101. Motar da aka cire wa tamostat kuma, kamar yadda ake yawan yi a ƙasashe masu zafi, takan ƙara shan mai ko da na'urar awon iskarta ba ta da aibu.

Gargaɗi ɗaya: idan fitilar ƙiftawa take yi ba tsayawa cak ba, inji na tsallake wuta ne sosai. Wannan ba a ci gaba da tafiya da shi.

Wankewa, ba tare da an rasa ido garin neman gira ba

Idan bincike ya nuna datti ne, sau da yawa wanki kawai na isa. Ana kashe mota, a cire soket, a kwance na'urar, a fesa mata maganin da aka yi musamman don ita, wanda ake rubuta MAF a jikin gwangwaninsa. A fesa daga ɗan nesa har cikin ramin da wayoyin suke, sannan a bar ta ta bushe sarai kafin a mayar.

A nan ma akwai kuskuren da ake yawan yi. A na'urorin Toyota, ɗan ƙwallon da ake gani a waje mai kama da ɗigon ƙaro, na awon zafin iska ne. Wayoyin awon iskar suna can cikin rami, sai an leƙa. Mutum na iya wanke na wajen ya yi fes, ya mayar da na'urar da dattinta.

Ba a wanke ta da fetur, ko maganin kabureta, ko man birki. Ba a taɓa wayar da tsinke ko auduga ko buroshi, ba a kuma hura ta da kwamfaresa. Da yawa daga cikin na'urorin da aka jefar, a hannun mai wanki suka mutu. Wasu tsofaffin motocin Mitsubishi da Lexus kuma na'urarsu wani salo ne daban da ba ya son feshi ko kaɗan.

Wanki kuma ba ya ɗorewa idan ba a toshe hanyar da ƙurar ta bi ba. Sabuwar filta mai kyau da akwati mai rufuwa ruf sun fi sabuwar na'ura araha nesa ba kusa ba.

Idan ya zama dole a saya

Na'urar na mutuwa, musamman a motar da ta haura shekara 15 ko 20. Idan wuta na zuwa, wayoyi lafiya, babu tsaga, an wanke amma awon bai gyaru ba, to lokacin saye ya yi.

Kamfanoni irin su Denso da Bosch da Hitachi ne ke ƙera yawancin na asali, kuma kowace na da lamba a jikinta. Ta Toyota kan fara da 22204, ta Nissan da 22680, kuma lambobin da ke biye ne ke bambanta wannan inji da wancan. Na'urori biyu na iya zama kamar an tsaga kara, soket ɗaya, sukurori ɗaya, amma awonsu daban. Corolla da ta fito daga Amurka da wadda ta fito daga Turai ba lallai ne su yi tarayya ba. Saboda haka a tafi da tsohuwar a hannu, ko a ɗauki hoton lambarta da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17.

A shagunan Maraɗi, kamar a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, mai saye zai tarar da iri uku: sabuwa ta asali mai tsada, ta hannu da aka ciro daga motocin waje wadda ake kira Beljiyam, da sabuwa mai araha a kwali mai ƙyalli, wani lokacin har da sunan babban kamfani na jabu. Ta ukun ce ta fi jawo dawowa gareji, domin tana iya kashe fitila amma awonta ya kauce. Araha ba ta ado. Hanya mafi aminci ita ce a yi sharaɗi da mai shago cewa za a ɗaura a gwada da na'urar bincike, idan awon bai yi daidai ba a mayar. Kuma kada a bar tsohuwar a gareji sai an tabbatar sabuwar ta fi ta.

Ga masu aiko da kuɗi daga nesa

Motoci da yawa da ke jigila a yankin, masu su ba sa gari. Wani yana Legas ko Abidjan, wani yana Aljeriya ko Libiya ko Saudiyya, ya tara kuɗi ya sayi mota ya damƙa wa ƙane ko ɗan ɗaki don gida ya samu abin sawa a baki. Irin waɗannan ne ake bugo wa waya a ce kwamfuta ta nuna abu kaza, a turo kuɗi. Zargi kan shiga tsakanin wa da ƙane a kan abin da dukansu biyu ba su gane ba.

Tambayoyi kaɗan ta WhatsApp na iya kawar da wannan. Wace lamba ce ta fito, a turo hoton allon. An cire bututun an duba? Yaya filta take? Giram nawa awon ke nunawa a silo? Nawa LTFT ke nunawa a silo, nawa a 2,500? Bakaniken da ya san aikinsa ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, cikin minti goma zai amsa su.

Haka kuma akwai 'yar ƙaramar na'ura da ake kira ELM327, wadda ake jonawa a soket ɗin mota ta haɗu da wayar hannu ta Bluetooth, a karanta da manhajoji irin su Torque ko Car Scanner. Ba ta kai manyan na'urorin gareji ba, kuma wasu samfuran na jabu ba sa karanta kowace mota, amma tana nuna lambobi da awon iska da gyaran mai. Ga matasan Maraɗi da ke neman sana'a, a nan akwai gurbi: masu karanta lamba sun yi yawa, masu fassara ta ne suka yi kaɗan.

Mai shirin sayen mota ta hannu kuma ya lura da abu ɗaya. Idan aka murɗa makulli kafin a tayar, dole fitilar injin ta kama tare da sauran, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, akwai yiwuwar an cire ƙwanta ko an liƙe ta da baƙin tef don a ɓoye matsala.

Ga direban da zai sake bin hanyar Sarkin Yamma zuwa Maraɗi a kasuwa mai zuwa, abin da ke hannunsa bai wuce buɗe akwatin filta duk mako a lokacin hunturu ba, ya canza ta idan ta cika maimakon hurewa, ya kuma shafa bututun iska da hannu ya ji ko ya fara tsagewa. Idan fitila ta kama, ya nemi a nuna masa lambar da awon kafin ya sa hannu a aljihu.